Yadda zaka kwatanta kuregen bishiya da gwaggon biri mataki-mataki

In aka ce wa mutum ya kwatanta kuregen bishiya da gwaggon biri, ko aikin makaranta ne ko son sani kawai, abinda ake rubutawa yawanci bai wuce layi uku ba, wannan ƙarami wancan babba, wannan yana sama wancan yana ƙasa, duka biyun suna shayarwa, shikenan an rufe littafi. Gaskiya yaro ɗan shekara biyar ma zai faɗa maka wannan. Kwatancin da zai amfane ka shine wanda duk bambancin da ka gani a jikin dabba sai ka tsaya ka tambayi kanka wace matsala abun yake warware mata, don babu haƙori ko farce ko jela da aka ajiye a banza. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abun.

Mataki na 1: ka tsayar da wanne kake nufi

Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami tun kafin su fara. Dangin kurege da masana ke kira Sciuridae sun kai iri 280 ko kusa da haka, a ciki akwai na ƙasa masu haƙa rami, akwai masu shawagi daga bishiya zuwa bishiya da wata fata da ke tsakanin hannu da ƙafa, sannan ga na bishiya da muke magana a kansu. Su kansu na bishiyar ba girmansu ɗaya ba, akwai wani ɗan mitsitsi a dazukan Kamaru da Gabon, Myosciurus pumilio, da bai kai giram 20 ba, akwai kuma ƙaton kuregen Indiya da yake kaiwa kilo ɗaya da rabi zuwa biyu. Kaga in ka rubuta "kurege nauyinsa kaza" ba tare da ka faɗi wanne ba ai baka ce komai ba.

Gwaggon biri ya fi sauƙi, jinsin Papio ne kuma iri shida masana suka fi yarda da su yanzu. Papio anubis shi ya fi yaɗuwa, tun daga Mali har Habasha da Tanzaniya. Papio papio na yammaci ne sosai, Senegal da Gini da Gambiya. Papio cynocephalus mai ruwan ɗorawa yana gabashin Afirka, Papio ursinus yana kudanci kuma shi ya fi girma, Papio kindae na wajen Zambiya da Angola shine ƙaraminsu, sai Papio hamadryas mai farin geza na Habasha da Eritriya da Somaliya wanda har ya tsallaka Yaman da Saudiyya.

Shawarata ka ɗauki ɗaya-ɗaya ka riƙe su har ƙarshe. A nan zan riƙe kurege mai ruwan toka na gabashin Amurka, Sciurus carolinensis, da Papio anubis, saboda su biyun an yi bincike mai yawa a kansu, lambobinsu a fili suke. Na farkon giram 400 zuwa 600 yake, na biyun namiji wajen kilo 24 mace wajen 15. Ka rubuta wannan a gefe, amma kar ka tsaya a kai. In kuma so kake ka kwatanta waɗanda suke daji ɗaya, to ka ɗauki Heliosciurus gambianus, wanda ake samu daga Senegal har Habasha, a irin dajin da gwaggon biri yake yawo. Wani abun ban dariya, mai ruwan tokar nan an kai shi Ingila a 1876 ya addabi jan kuregen can, an kuma kai shi Cape Town a Afirka ta Kudu wajajen 1900, don haka yau yana maƙwabtaka da Papio ursinus a can.

Mataki na 2: ka fara da abinda ya haɗa su

Kar ka yi saurin tafiya wajen bambanci. Ka jera abinda yasa duka biyun ake ce musu dabbobi masu shayarwa, rukunin da Carl Linnaeus ya sa wa suna Mammalia a 1758: gashi a jiki, uwa tana ba ɗa nono, jiki yana riƙe zafinsa ko gari yayi sanyi, zuciya mai ɗaki huɗu, ƙananan ƙasusuwa uku a cikin kunne, muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya a kowane gefe, sannan ƙashin wuya guda bakwai, ko na kurege ko na biri. Duka biyun kuma ɗa yana girma a ciki ne yana samun abinci ta mabiyiya, basa ƙwai, basa goyo a jaka irin na kangaru.

Sai ka ƙara abinda yawancin mutane basu zata ba. Gwaggon biri in ka kalli doguwar fuskarsa zaka rantse ɗan'uwan kare ne, amma binciken ƙwayoyin halitta ya saka dangin ɓera da kurege da zomo da birai a babban reshe ɗaya da ake kira Euarchontoglires, kare da kyanwa kuwa suna wani reshen daban. Wato a lissafin masana kurege ya fi kare kusa da gwaggon biri. Daga nan ne suka rabu, kurege yana Rodentia, masu gaigaya, waɗanda su kaɗai sun kai kusan kashi 40 cikin 100 na duk ire-iren dabbobi masu shayarwa, gwaggon biri kuma yana Primates, rukunin birai da mutum.

Mataki na 3: buɗe baki

In da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak in yi kwatancin da shi, haƙori zan zaɓa. Ka nemi hoton ƙoƙon kan kowannensu a intanet, daga gefe da kuma daga ƙasa, ka ajiye su kusa da juna ka ƙirga.

Gwaggon biri haƙora 32 gare shi, tsarinsu ɗaya da na mutum, a kowane kwata na baki akwai na gaba biyu, fiƙa ɗaya, ƙananan turame biyu, manya uku. Baki ne na mai cin komai. Amma ka duba fiƙar namiji, tana iya kaiwa santimita biyar, kuma duk sanda ya rufe baki bayan fiƙar sama yana gogar wani dogon haƙori da ke ƙasa, a haka take wasa kanta kullum. To ka tambayi kanka, ta cin nama ce? In ta cin nama ce me yasa ta mace gajeriya ce alhali kusan abinci ɗaya suke ci? Amsar ita ce fiƙar nan ta faɗa ce da barazana tsakanin maza, da kuma tsorata damisa. Shi yasa zaka ga namiji ya wage baki kamar mai hamma yana kallon wani namijin, ba barci yake ji ba, makami yake nunawa.

Kurege kuwa fiƙa bashi da ita kwata-kwata. Na ruwan tokar haƙora 22 ne, huɗu dogaye a gaba, biyu sama biyu ƙasa, sai wani faffaɗan giɓi, sannan turame a can ciki. Na gaban nan basa daina tsirowa har ya mutu. Ka lura da kalarsu, gabansu ruwan lemo ne saboda akwai sinadarin ƙarfe a ɓawon, kuma ɓawon mai taurin a gaba kawai yake, bayan haƙorin ya fi laushi, don haka in yana gaigaya bayan yana saurin cinyewa fiye da gaban sai bakin haƙorin ya zauna da kaifi a karkace koda yaushe. In aka yi rashin sa'a ɗaya ya karye ko muƙamuƙi ya goce, abokin gogarsa sai yayi ta tsawo yana lanƙwashewa har ya hana shi cin abinci. Giɓin ma yana da aiki, yana iya jawo leɓɓansa ciki ya toshe bayan haƙoran, ɓawo da garin itace su zube waje basu shiga maƙogwaro ba.

Tunda kana kan ƙoƙon kai, duba ido. Na gwaggon biri a gaba suke cikin rufaffen gurbi na ƙashi, idanun biyu suna kallon abu ɗaya, hakan ke bashi auna nisa da kyau, kuma yana bambance launuka irin yadda muke yi, ɗanyen ɗan itace da nunanne. Na kurege a gefe suke, yana ganin kusan ko'ina har sama ba sai ya juya kai ba, amma ja da kore suna rikice masa. Wanda shaho zai iya surewa a kowane lokaci faɗin gani ya fi masa amfani.

Akwai tarko ɗaya a nan. Jakar kumatu ta ajiye abinci, kowa zai ce ta kurege ce saboda hotunan da ake gani na wani kumatunsa sun kumbura. Waɗannan wasu ne daga cikin na ƙasa. Kuregen bishiya bashi da ita, gwaggon biri shine mai ita, yana cusa abinci da sauri kafin wanda ya fi shi ƙarfi yazo ya kore shi, sai ya koma gefe ya tauna a natse.

Mataki na 4: hannu, ƙafa, jela, mazaunai

Ka kalli bidiyon kurege yana saukowa daga bishiya ka rage gudun bidiyon. Da kai yake saukowa, in ka zuba ido a ƙafafun baya zaka ga tafin ya juya baya gaba ɗaya, idon sawunsa yana iya juyawa kusan digiri 180, akaifun sun kafe a ɓawon itacen yana rataye da su, har yakan tsaya a haka kai a ƙasa ya saki hannayen yana cin abu. Yatsu biyar a baya, huɗu a gaba da ɗan guntun babban yatsa da bai taka kara ya karya ba, shi yasa sai ya haɗa hannu biyu yake riƙe abinci.

Gwaggon biri farce gare shi shimfiɗaɗɗe, da babban yatsa da yake iya haɗuwa da manuni, yana iya tsintar ƙwayar iri ɗaya daga cikin yashi, ya tono saiwar ciyawa ya karkaɗe ƙasar a damtsensa kafin ya kai baki, ya cire kaska daga gashin ɗan'uwansa. Da ƙafa huɗu yake tafiya, tafin ƙafa a ƙasa, a hannu kuma kan yatsu yake takawa, kuma yana iya cin kilomita da dama a wuni. Yana hawa bishiya sarai, kar ka rubuta cewa baya hawa, sai dai kama reshe yake yi da hannu, kuma galibi don kwana ko 'ya'yan itace ko gudun abokin gaba.

Jelar kurege kayan aiki ce, da ita yake daidaita jiki in yayi tsalle, ya lulluɓa da ita in ana sanyi, ya kaɗa ta in ya ga maciji ko kyanwa. Ta gwaggon biri bata kama reshe, masu kama reshe da jela wasu birai ne na Kudancin Amurka, tasa tana tashi sama kaɗan sai ta karye ta faɗo kamar wadda aka taɓa karyawa. Sai kantar da ke mazaunansa, fata mai kauri marar gashi da ke manne da ƙashi, ita ke sa ya kwana a zaune kan reshe ko gefen dutse. Baya yin sheƙa. Kurege ke yin sheƙa, dunƙulalliya ta ƙirare da ganye a inda reshe ya rabu, ko ya shige kogon bishiya.

Mataki na 5: lissafin haihuwa

Nan ka ɗauko biro, don lambobin su ne labarin.

Kuregen ruwan toka cikinta kwana 44 ne, ta haifi biyu zuwa huɗu, a shekarar da abinci ya wadata sau biyu. 'Ya'yan suna zuwa tsirara, ido a rufe, kunne a toshe, kowanne bai kai giram 20 ba, sai sun yi wata ɗaya ko fiye ido ya buɗe, wajen sati goma an yaye su, kafin ko bayan shekara ɗaya kaɗan su ma sun isa haihuwa. Nonuwanta takwas. Uban kuwa babu ruwansa, macen ƙasa da kwana ɗaya take karɓar namiji, ranar zaka ga maza sun yi layi suna bin ta a guje daga reshe zuwa reshe, daga an gama kowa ya kama gabansa. Mafi yawan 'ya'yan basa ganin ƙarshen shekararsu ta farko, wanda ya tsallake zai iya yin shekaru, kaɗan ne ke kaiwa goma a daji.

Gwaggon biri wata shida take ɗauke da ciki, ɗa ɗaya, tagwaye sai jefi-jefi, nono biyu a ƙirji. Jaririn yana zuwa ido a buɗe, da baƙin gashi da jar fuska da kunnuwa, ranar farko ma yana damƙe gashin cikin uwar tana tafiya da shi a ƙasanta, bayan wata biyu zuwa uku ya koma bayanta ya zauna daram kusa da gindin jela. Baƙin gashin nan alama ce, duk matan garken suna rububin taɓa shi, kafin ya rikiɗe ya koma kalar manya wajen wata shida. Nono har shekara ɗaya ko fiye, tsakanin haihuwa da haihuwa kusan shekara biyu in ɗan ya rayu, haihuwar fari sai mace ta kai wajen shekara shida, kuma tana iya haura shekara 20 a daji.

Yanzu ka haɗa. In aka haifi 'yar kurege da 'yar gwaggon biri rana ɗaya, kafin ta birin tayi haihuwar fari zuriyar kuregen ta riga ta kai jikokin jikoki. Ɗaya tana zuba 'ya'ya da yawa da sauri saboda mutuwa na ɗibar su da yawa, ɗayar tana zuba shekaru a kan ɗa ɗaya saboda akwai abubuwa da yawa da zai koya. Wannan ne ma dalilin da yasa in aka rage yawan kurege a wuri cikin 'yan shekaru sun dawo, garken biri kuwa in aka kashe manyan mata ana daɗewa bai farfaɗo ba. Ka kuma lura da girman namiji da mace, a kurege da ƙyar ka bambance su daga nesa, a gwaggon biri namiji ya fi mace girma nesa ba kusa ba, ka haɗa wannan da maganar fiƙa ta mataki na 3 zaka ga abu ɗaya suke faɗa.

Mataki na 6: yadda kowanne yake maganin yunwa da tsoro

Jerin abinci kaɗai ba zai raba maka su sosai ba. Kurege yana cin ƙwaya da iri da toho da ɓawo da naman kaza, wato laimar kwaɗi, amma in ya samu ƙwai ko ɗan tsuntsu ko ƙwaro baya bari, har ƙashi yana gaigaya. Gwaggon biri ciyawa, saiwa, 'ya'yan itace, ƙaro, fara, kunama, in dama ta samu zomo ko ɗan barewa. Duka biyun ba masu zaɓe bane. Tambayar da zata raba su ita ce, in lokacin rashi yazo me kowanne yake yi?

Kuregen bishiya baya dogon barcin hunturu irin na wasu 'yan'uwansa na ƙasa, don haka dole ya tanada, ƙasa ita ce asusunsa. Na ruwan toka yana binne ƙwaya ɗaya-ɗaya a wurare barkatai, ya tona ɗan rami, ya tura ƙwayar da haƙori, ya mayar da ƙasa ya daddanna da hannuwa har ya jawo ganye ya rufe. Wani irin kuma, jan kuregen Arewacin Amurka, tara nasa yake a wuri ɗaya ya tsaya yana gadi da masifa. An daɗe ana cewa da hanci kawai yake ganowa, sai a 1991 Lucia Jacobs da Emily Liman suka gwada suka ga kowanne ya fi tono wanda shi ya binne ko da na wasu na kusa, wato yana tunawa. Michael Steele da abokan aikinsa kuma a 2008 suka ruwaito cewa in ya lura wani kurege na kallonsa yakan tona rami ya rufe shi wayam, ƙwayar na bakinsa. Har zaɓe yake a 'ya'yan bishiyar oak, irin da ke saurin tsirowa ya cinye nan take ko ya fara cire masa ɗan tsiron kafin ya binne, irin da ke jimawa shi yake ajiyewa. Wanda bai dawo ya tono ba shi ke zama sabuwar bishiya.

Gwaggon biri baya ajiye ko ƙwaya ɗaya don gobe. Abinda yake da shi jama'a ne. Garken Papio anubis yana kamawa daga 15 har sama da 100, mata suna zama inda aka haife su har mutuwa, maza ne ke ƙaura in sun balaga su je su nemi matsayi a wani garken da faɗa ko da lallashi. Mace gadon matsayi take daga uwarta, 'yar babba babba ce ko da ƙanƙanuwa ce, kuma sau da yawa ƙanwa tana hawa kan yayarta. Awannin da suke ɓatawa suna tsefe wa juna gashi ba zaman banza bane, a binciken Amboseli na Kenya da Jeanne da Stuart Altmann suka kafa a 1971 kuma har yau ana yi, an wallafa a 2003 cewa matan da suka fi cuɗanya da 'yan'uwansu jariransu sun fi tsallake shekarar farko. Damisa ma tana tunani kafin ta tunkari garke da rana, manyan maza in suka taru suna iya kashe ta, shi yasa ta fi bin su da dare a wurin kwana.

Har inda za a nufa ba sarki ne ke yankewa ba. A Mpala, can Kenya, an sa wa birai 25 na garke ɗaya abin wuya mai GPS, sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna in ra'ayi ya rabu ɓangaren da ya fi yawa ake bi, ba lallai inda babban namiji ya dosa ba, in kuma hanyoyin biyu basu yi nisa da juna ba sai a ratsa tsakiya. Amma fa kar ka ɗauki tsarin nan ka liƙa wa duk gwaggon biri, hamadryas nasa daban ne, namiji ɗaya da matansa yana tsare su da cizon wuya, gidaje su haɗu su zama babbar ƙungiya, da dare ɗaruruwa su kwana a jikin dutse ɗaya. Kurege ma kar ka rubuta cewa baya hulɗa da kowa, yana da kukan gargaɗi, akwai babba da ƙarami a wurin cin abinci, in sanyi ya tsananta sukan kwana sheƙa ɗaya.

Mataki na 7: wa ya fi wayo

Za a tambaye ka, don haka ka shirya. Ƙwaƙwalwar gwaggon biri ta haura giram 130, ta kurege bata kai giram 10 ba. Sai wani ya raba da nauyin jiki ya ga ta kurege ta fi kaso mai yawa ya fara murna, to wannan lissafin yaudara ne, kusan duk ƙananan dabbobi haka suke fitowa, ɓera ma zai ci wannan gasar. Abinda zaka iya rubutawa da hujja shine kowanne ga inda ya ƙware. A Faransa a 2012 an nuna Papio papio guda shida sun koyi bambance kalmomin Turanci masu harafi huɗu daga haruffan da aka jera ba ma'ana, suna dacewa wajen kashi 75 cikin 100, ba karatu suke ba, tsarin haruffan suke kamawa. Dorothy Cheney da Robert Seyfarth kuma a Okavango ta Botswana sun riƙa kunna wa gwaggon biran can muryoyin da aka naɗa, suka ga biri ya san muryar kowa, ya san wa ke sama da wa da kuma 'yan gidan wa. Kurege ba zai yi wannan ba, amma birin ma ba a taɓa ganin yayi tanadin watanni ba. A ganina in dole sai an zaɓa gwaggon biri ya fi faɗin dabara, sai dai ka faɗi a kan me.

Mataki na 8: ka kalla da idonka, da tsari

Duk abinda ke sama karatu ne, sai ka gwada shi a kan dabba mai rai, a gandun daji ko gidan zu ko doguwar bidiyon da ba a yayyanka ba. Matsalar ido ita ce abinda ya fi hayaniya yake bi, in biyu suna faɗa ashirin suna kiwo faɗan zaka rubuta, a ƙarshe ka ce gwaggon biri aikinsa faɗa. Jeanne Altmann ta yi rubutu a kan wannan a 1974 kuma har yau hanyarta ake bi. Ka zaɓi dabba ɗaya, ka saita agogon waya minti goma, duk minti ɗaya ka rubuta abinda take yi a daidai wannan lokacin, ci, tafiya, hutu, leƙe-leƙe, tsefe, faɗa, da kuma tana ƙasa ko sama, da wa ke kusa da ita. Minti goma ya cika ka koma kan wata. Ka yi wa kurege irin wannan da jadawali iri ɗaya, in ba haka ba babu abinda zaka kwatanta. Safiya da yamma sun fi, tsakar rana duka biyun lafewa suke.

Na gidan zu ka sa masa alama daban, wanda ake kawo wa abinci a faranti baya kashe rabin wuninsa yana tono, lokacin da ya rage masa a kan 'yan'uwansa yake ƙarewa.

Ka tsaya nesa da gwaggon biri, kar ka ƙura wa namiji ido, kar ka yi masa dariya haƙora a waje, kar ka shiga tsakanin uwa da ɗa, kuma kar ka riƙe leda ko abinci a hannu. In ya ɗaga gira farar fatar idonsa ta bayyana, ko yana dukan ƙasa da hannu, ja baya a hankali ba da gudu ba. Bashi abinci kuwa cutarsa kake, wanda ya saba karɓa a hannun mutum shi ke fara fasa mota da gida, a Cape Town irinsu da yawa kashe su aka yi a ƙarshe. Kurege ma kar ka miƙa masa yatsa, haƙorin da ke fasa ƙwaya mai tauri fatar hannu ba komai bace a wurinsa, in ya cije ka ka wanke da ruwa da sabulu sosai ka je asibiti.

In dabbar da kake bi ta ɓace maka a cikin ganye, wanda da kurege zai faru kusan kowane zagaye, ka rubuta "ba a gani" a wannan mintin, kar ka cike gurbin da abinda kake zato, kuma wajen fitar da kaso ka cire waɗannan mintunan daga jimlar.